Zan karɓo ɗan mage daga wajen mai tsintarsu, wanne zan ɗauka kuma yaya zan riƙe shi?

Hajiya barka da warhaka, ya gida ya yara. Na karanta tambayarki. Kin ce autarki ta tasa ki gaba sai an kawo mata ɗan mage irin yadda take gani a bidiyo, kuma an haɗa ki da wata ɗaliba a Yelwa mai tsintar 'ya'yan magen da ake zubarwa a kwali a bakin kwata ko bayan shaguna, ta rene su ta ba wa mai so. Ta turo miki foton guda uku ta ce ki zaɓa. Ke kuma kina son sanin wanne za ki ɗauka, me za a dinga ba shi, kuma ba zai kawo cuta gidan ba tunda surukarki na da juna biyu. Ni likitan dabbobi ne a nan Bauchi, tambayar ba baƙuwata ba ce, sai dai amsar da ɗan tsawo, ki yi haƙuri.

Abin da bidiyon Turawan nan ba ya nunawa shi ne aikin da aka sha kafin a miƙa musu magen. A Ingila akwai ƙungiyoyi irin su Cats Protection da ta faro tun 1927, da gidan Battersea na Landan wanda aka buɗe a 1860 don karnuka daga baya ya haɗa da kyanwoyi. Kafin su ba ka ɗan mage likita ya duba shi, an yi masa allurar rigakafi, an ba shi maganin tsutsa da na ƙuma, an yi masa fiɗiya ko an sa ranar yi, an saka masa 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata, wadda tun watan Yunin 2024 ma doka ce a Ingila kafin mage ta kai sati 20, sannan kai ma sai ka cika fom an yi maka tambayoyi, gidan haya kake ko naka, akwai yara, wa zai kula da ita in ka yi tafiya. Ɗalibar nan Allah Ya saka mata da alheri, amma da ɗan kuɗin aljihunta take yi, da wuya ta iya rabin wannan. To duk aikin nan kanki zai dawo, gara ki san da haka tun kafin kwalin ya shigo gida.

Kar ki zaɓa a foto. A foto kowa ɗan mitsitsin nan mai shuɗin ido yake nunawa, shi ne kuwa ya fi saurin mutuwa a hannun mutane. Duk 'ya'yan mage da shuɗin ido suke buɗe ido, sai wajen sati 6 zuwa 7 launin ke fara juyewa, don haka shuɗin nan yawanci alamar jarirantaka ce kawai. Ana haifarsu ido a rufe, kunne a liƙe, nauyi wajen giram 100, ido na buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, haƙoran farko na fitowa wajen sati 3, lokacin ne kuma suke fara tafiya suna tangaɗi. Mai lafiya yana ƙara kusan giram 100 duk sati, ke nan da sikelin kicin ma za ki iya kintatar shekarunsa. Wanda ya kamata ki ɗauka shi ne wanda ya kai sati 8 ko fiye, nauyinsa giram 800 zuwa kilo ɗaya, yana cin abinci da kansa, yana kashi da fitsari da kansa. In uwar na nan ma a bar shi ya kai sati 12 ya fi, domin a wajen uwa da 'yan'uwa yake koyon iyakar cizo da yaƙushi, wanda aka raba da wuri shi ne yake girma yana kafta wa yara haƙori a hannu da sunan wasa.

Wanda bai kai sati 4 ba kuma babu uwa, wannan kam ba na auta ba ne. Madarar da ake haɗawa musamman don 'ya'yan mage za a dinga ba shi duk bayan awa 2 zuwa 3 har cikin dare, da sirinji ko 'yar kwalba, yana kife a kan cikinsa, in aka kwantar da shi rigingine irin na jariri madarar huhu za ta wuce. Bayan kowane shayarwa sai an jiƙa auduga da ruwan ɗumi an shafa masa ƙasan bindi sannan zai yi fitsari da kashi, uwar da harshe take yi masa. Ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, dare ɗaya na hunturun Bauchi a kan siminti ya ishe shi, sai an cika gora da ruwan ɗumi an naɗe da tawul an ajiye gefensa, kuma ba a ba wa wanda jikinsa ya yi sanyi abinci sai an fara ɗumama shi. In cikin ukun akwai irin wannan, a bar shi wajen wadda ta saba, ke ki taimaka mata da kuɗin madara.

Ranar da za ki je, ki je da rana, ki fito da su haske. Ki ɗan zauna ki ga wanda zai zo ya shinshina hannunki, ki ja tsinke a ƙasa ki ga wanda zai bi. Wanda ya takure a lungu ba ya motsi, kar ki ce kunya ce ko haƙuri, sau da yawa ciwo ne. Ki ɗauki wanda ya kwanta miki ki duba ido, ya zama garau babu kwantsa, hanci babu majina, ba atishawa. Ki ɗaga leɓensa na sama da yatsa ki kalli dasashi, ja-ja mai haske ake so, in ya yi fari fat to jini ya yi ƙasa, yawanci ƙuma ce ko tsutsa ta shanye shi. Ki tsuke fatar bayan wuya ki saki, in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya a tsaye jikin babu ruwa. Cikin kunne in kin ga baƙin datti busasshe yana ta kakkaɓe kai, ƙwarin kunne ne, ana maganinsu. Ki ɗaga bindi, in wurin ya jiƙe ko ya yi ja zawo yake. Sannan ki tsayar da shi a kan farar takarda ki sosa gashin bayansa, in wani baƙin gari kamar garin masoro ya zubo ki ɗiga masa ruwa, in ya narke ya yi ja to kashin ƙuma ne, jinin ɗan magen ne kike gani a takardar. Ciki ya kumbura ƙafafu sun rame, tsutsa. Wuri zagaye da gashi ya zube fatar na ɓarewa, musamman fuska da kunne, makero ne kuma yara na ɗauka.

Ban ce duk wanda aka samu da ɗaya cikin waɗannan a ƙi shi ba, ƙuma da tsutsa kusan duk ɗan magen titi na da su kuma maganinsu ba wuya. Amma mai zawo da amai wanda ba ya cin abinci, ko kuma ta ce miki wasu cikin 'yan'uwansa sun mutu kwanan nan, ki dakata. Akwai wata cuta ta ƙwayar bairos da muke kira fanlukofeniya, tana kashe 'ya'yan mage cikin kwana biyu uku, ƙwayar kuma tana iya shekara a ɗaki ba ta mutu ba, Hypo ko Jik da aka sirka da ruwa ne ke kashe ta. Ki tambaye ta kai tsaye, a ina ta tsince su, yaushe, me suke ci, an ba su wani magani, wane iri.

In da hali ki ɗauki biyu. Na san za ki ce ɗaya ma da ƙyar Alhaji ya yarda, amma biyu sun fi ɗaya sauƙin riƙo, junansu suke dambe su bar labule da ƙafar mutane.

Daga wajenta ki biya asibitin dabbobi kafin gida, ko dai cikin kwana biyun farko. A kwali mai huji ko kwando mai murfi za a ɗauko shi, ba a hannu a kan acaɓa ba, in ya firgita ya fizge shi ke nan. A gida a ware masa ɗaki ɗaya, ko sito ne in dai iska na shiga kuma babu maganin ɓera ko taki a ciki, a sa masa ruwa, abinci, kwali da tsohon zani, sai roba mai faɗi marar zurfi da yashi a ciki, nesa da abincin. Yashin gini da aka tankaɗe ya isa, ko garin katako. Kina ajiye shi a kan yashin bayan ya ci abinci zai gane, wannan a jininsu yake. Daren farko zai yi kuka, zai shige ƙarƙashin kujera, a ƙyale shi ya fito don kansa, a hana yara jawo shi. Ya yi sati 2 a ɗakin nan kafin ya fara yawon gida, in akwai cutar da ya zo da ita a ɓoye yawanci cikin kwanakin nan take bayyana, kuma lokacin ne yake sanin nan ne gida. Wanda aka saka tsakar gida ranar farko ta magudanar ruwa yake ficewa.

Abinci, a nan ne muka fi kuskure. Mage maciyiyar nama ce zalla, ba kamar kare ba da zai rayu a kan ragowar tuwo. Akwai wani sinadari taurin da jikinta ba ya iya haɗa isasshe sai daga nama, in ta rasa shi ido ke lalacewa zuciya ta yi rauni. Tuwo da miya da shinkafa da mai da yaji ba abincinta ba ne, miyar ma akwai albasa da tafarnuwa waɗanda ke farfasa mata ƙwayoyin jini a hankali. Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani ko nonon da ake kawowa talla, za ta sha da marmari amma yawancinsu zawo take sa su, ɗan mage kuwa zawon kwana ɗaya yana kai shi ƙasa. Wanda ya kai sati 8 ba ya buƙatar madara sam, ruwa mai tsabta kawai. In aljihu zai ɗauka, abincin leda ko na gwangwani da aka rubuta na 'ya'yan mage ne ya fi, irin su Whiskas, ana samu a wasu manyan shaguna ko a yi oda, sai dai akwai tsada. In ba haka ba, dafaffen naman kaza, zuciya da ƙundu, dafaffen ƙwai, kifi dafaffe an cire ƙaya, duk ba gishiri ba magi. Masu fige kaji a Muda Lawal ko Wunti in kin saba da su kayan ciki ba zai yi miki tsada ba. Hanta kaɗan, sau ɗaya a sati, yawanta illa ne. Ɗanyen kifi a'a, ƙashin kaza dafaffe a'a, yana tsagewa ya soki hanji. Wani abu da ba a cika faɗa ba, tsokar nama zalla babu sinadarin gina ƙashi a cikinta, ɗan magen da aka rena da tsoka kaɗai za ki ga ya kai wata uku huɗu yana ɗingishi, ƙafa ta lanƙwashe, ya diro daga kujera ƙashi ya karye. A wanke ɓawon ƙwai a tafasa a shanya a daka shi lukwi, a dinga barbaɗa ɗan kaɗan a abincin kullum. Sau 4 a rana zai ci har ya kai wata uku zuwa huɗu, sannan a rage zuwa 3, daga baya 2.

Yanzu abin da na fi so ki riƙe ko da kin manta sauran. Kar a ba mage farasitamol. Panadol ko na yara na ruwa, ko rabi, ko kwata. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, cikin awanni za ki ga fuska da tafin ƙafa sun kumbura, dasashi ya koma ruwan ƙasa, tana haki baki buɗe, kuma yawanci kafin a kawo mana lokaci ya ƙure. Mutane da kyakkyawar niyya suke yi, sun taɓa jikinta sun ji zafi, alhali zafin jikin mage na lafiya ma digiri 38 zuwa 39 ne, ya fi namu. Haka ibufurofen da daikulofenak. Na biyu maganin kaskar shanu da na karnuka, musamman mai fametirin a ciki, ana ɗiga wa mage sai karkarwa da farfaɗiya. Fiya-fiya da Sniper ba a ma magana, in an fesa ɗaki a fitar da ita da kwanonta sai iska ta daki wurin sosai. Kalanzir da baƙin mai da wasu ke shafa wa ƙazuwa, mage lashe jikinta take yi, duk abin da aka shafa mata ciki zai tafi. Dettol da Izal ma haka, kar a wanke robar yashinta da su, kuma in an goge ƙasa da su a bari ya bushe kafin ta taka. Ƙaramin da ƙuma ta kama, mataji mai ƙananan haƙora da ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke sun wadatar, a tsane shi tas a ajiye a ɗumi, sauran maganin likita ne zai zaɓa gwargwadon nauyinsa. Allurar ibamektin ta awaki da ake ƙiyasta wa mage da ido a kasuwa ta makantar da maguna da yawa ta kashe da yawa.

Rigakafi, ta farko a sati 8 zuwa 9, allura ɗaya ce mai haɗe da cuta uku, fanlukofeniyar nan da murar mage iri biyu, a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16. Ta ciwon haukan kare daga sati 12, a sabunta duk shekara. Ba ko'ina ake ajiye ta maguna ba, ki yi wa likita magana da wuri ya nemo, kuma ki tabbata daga firiji ko kula mai ƙanƙara aka ciro ta a gabanki, wadda ta sha zafin watan Afrilu ruwa ce kawai. A ba ki kati a rubuta rana da sunan allurar. Maganin tsutsa duk sati 2 har wata uku, sannan wata-wata har wata shida, daga nan duk bayan wata uku.

Ciwon haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara a duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, amma mage ma na ɗauka tana bayarwa, kuma in alamu suka fito babu magani. Ɗan magen da aka tsinto ba a san abin da ya cije shi a baya ba. In ya ciji wani ko ya yaƙushe shi har jini ya fito, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, da agogo, a tafi asibiti ranar, shi kuma a tsare shi ana lura da shi kwana 10. Ki koya wa auta kar ta yi masa wasa da yatsunta, ta ɗaura tsumma a kara ta dinga ja masa, babu kyanwar Lami a cikin 'ya'yan mage, duk suna cizo suna yaƙushi. Zare da kirtani da robar ɗaure kuɗi a kwashe su bayan wasa, in ya haɗiye sai tiyata.

Maganar surukarki. Cutar da ake tsoro toksofilasma ce, tana iya taɓa ɗan da ke ciki, kuma gaskiya ne a kashin mage take fita. Amma mage tana zubar da ƙwayar ne na sati ɗaya zuwa uku bayan ta fara kamuwa, kuma ƙwayar da ta fito sai ta yi kwana 1 zuwa 5 a waje kafin ta iya kama mutum. Ke nan in ana kwashe kashin kullum haɗarin ya ragu ƙwarai. Ita dai kar ta taɓa robar yashin har ta sauka, wani ya dinga kwashewa ya wanke hannu, kuma ta kula da tsiren da bai gasu ba da latas da kabejin da ba a wanke sosai ba, don ta nan ma ana ɗauka. In hankalinta bai kwanta ba, a jira ta haihu, 'ya'yan mage ba sa ƙarewa a Bauchi. Batun gashin mage na jawo fuka kuwa, ba haɗiye gashin ba ne, wani sinadari ne a yawunta da fatarta da jikin wasu ba ya so. In akwai mai asma a gidan, ki tafi da shi wajen ɗalibar ya yi awa ɗaya da su ki ga yadda ƙirjinsa zai yi. Ta fuskar tsarki dai kin sani, Annabi (SAW) ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kewayawa a tsakaninmu, hadisin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha kuma yara ma sun haddace shi.

In ana sa ran zai yi maganin ɓera, zai yi, amma sai ya girma, kuma ba a barinsa da yunwa wai don ya yi farauta, ƙosasshiyar mage ma tana kamu. Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba tare da Ondo da Edo, ɓera ne kuwa ke ɗauke da shi, don haka duk ɓeran da ya kashe ya ajiye a ƙofar ɗaki kar yara su taɓa, a kwashe da shebur a binne. Daga ranar da mage ta shigo kuma an daina zuba gubar ɓera, ko ta ci gubar ko ta ci ɓeran da ya ci.

Sai haihuwa, wadda ita ce ta cika kwalayen da ɗalibar nan ke tsinta. Macen mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, ta haifi huɗu biyar, sau biyu ko uku a shekara. Muzuru kuma in ya balaga fitsari mai wari zai dinga fesawa a bango, ya kwana a waje yana faɗa ya dawo da ƙurji. Fiɗiyar namiji aikin 'yan mintuna ne da allurar barci, ta mace sai an buɗe ciki an cire mahaifa, kwana 10 ɗinki ya warke, a yi tsakanin wata 4 zuwa 6 wajen likitan da ya saba yi wa maguna, ki tambaye shi kai tsaye ko yana yi. Malamai da dama sun halatta in akwai maslaha kuma ba za a azabtar da dabbar ba, akwai kuma masu ƙi, ki ji ta bakin malamin da kika amince da shi. Abin da ni zan hana ki shi ne allurar tsarin iyali ta mata da ake yi wa maguna don ta fi araha, tana tara musu mugunya a mahaifa tana kawo ƙari a nono, ƙarshenta tiyatar da aka guda ita za a yi, a kan dabbar da ta riga ta galabaita. In ba za a yi aikin ba gara ki ɗauki namiji cikin ukun, ki sa likita ya duba miki don a wannan shekarun ko masu riƙonsu suna rikita mace da namiji.